Mahadi Mai Lamineshin da Takardun Ɗan Goggonsa

Duk wanda ya taɓa neman aiki ko makaranta a unguwar Turaki ya san shagon Mahadi. Ɗan ƙaramin shago ne: injin fotokofi, tsohuwar kwamfuta, sai injin lamineshin, wanda ke manne takarda cikin leda da zafi yadda ko a ruwa ta faɗa ba abin da zai same ta. Shi mai shagon dogo ne, ba ya dariya sai ta zama dole, kuma in ka kawo masa takardar da ta fi tasa kyau, za ka ga bakinsa ya ɗan karkace. Bai taɓa cutar kowa ba, wallahi. Amma ci gaban wani yana yi masa ciwo, shi ma ya san da haka.

Ba da wannan halin aka haife shi ba. Mahaifinsa tela ne, jikan Kanawan da fatauci ya kawo Jalingo suka yi zamansu. Wata damina ruwa ya shiga gidansu a unguwar Sarkin Dawaki, ya jiƙa akwatin takardu har takardar gida ta koma kamar fate. Tun daga ranar tsohon ya rantse ba takardar da za ta kwana a gidansa ba leda. Ta haihuwa, ta jarrabawa, katin rigakafi, kai, har rasidin keken ɗinki bai tsira ba. Dangi suka ga abin ya yi kyau suka ɗauka, har ya zama a zuri'ar in ba a sa wa takardarka leda ba, to ba a damu da kai ba.

Mahadi yana da kai. Ya gama karatu, wata jami'a a Turai ta ba shi gurbi, ita za ta ɗauki nauyinsa. Ya tafi Abuja da takardunsa suna ta ƙyalli. Can aka ce kafin a karɓi neman bizarsa sai an tantance takardun na asali an buga musu hatimi. Ma'aikacin ya juya su, ya ƙwanƙwasa da farce, ya miƙo masa, ya ce ba a tantance abin da aka rufe da leda. Mahadi ya koma masauki ya gwada ɓare ɗaya a hankali da reza, sai rubutun ya bi ledar. Kafin ya samo sababbi daga makarantu, lokaci ya wuce, an ba wani gurbin.

Da ya dawo bai gaya wa kowa dalili ba. Ta yaya zai dubi tsohon da ya yi abin nan don ƙauna ya ce masa shi ya ja? Ya ce kawai babu rabo, har tsohon ya rasu bai sani ba. Daga baya ya buɗe shago, ya kuma sayi injin da ya kashe masa tafiya, saboda shi ke kawo ciniki. Bai taɓa hana kowa sa wa takardarsa leda ba. A ganinsa takardun mutanen unguwa iyakarsu sakatariya.

Sai ga Saifuddeen, ɗan Goggo Jummai, ƙanwar mahaifinsa. Wannan Saifuddeen ɗin Mahadi ne ya koya masa lissafi, shi ya riƙa kai shi makaranta a bayan babur. Yaron nan ne yanzu ya samu gurbi a waje, da tallafi cikakke. Mahadi ya ce masha Allah, amma iyakarta fatar baki. Ya yini yana duba hotunan makarantar a waya yana neman aibi. Ya ce sanyin garin zai kashe yaron. Ya ce kwas ɗin ma ba wani na a zo a gani ba ne. Abinci ya daina yi masa daɗi, kuma duk wanda ya shigo shago ya ce masa barka da arziki, ji yake kamar ya kore shi.

Wata safiya Goggo Jummai ta sauka daga keke da fayil a ƙarƙashin mayafi. Saifuddeen ya tafi Wukari sallamar kawunnansa, ita kuma ta ga sababbin takardunsa na jami'a ba leda, hankalinta ya tashi. Ta ce a yi musu duka kafin ya dawo, kada su je ƙasar mutane su lalace. Ta ƙara da cewa ba ta yarda wani ya taɓa su ba sai shi.

Mahadi ya kunna injin. Injin nan sai ya ɗauki zafi kafin ya fara aiki, don haka ya zauna yana kallon jar fitilar. Ba wanda zai ga laifinsa. Ita ta kawo, ita ta ce a yi, abin da kowa ke yi ne a dangi. Yaron zai je Abuja, a ƙwanƙwasa takardun da farce, ya dawo ya ce babu rabo, su zama su biyu. Tunanin ya yi masa daɗi, daɗi sosai. Ya zura takardar digirin cikin leda, ya daidaita gefe da gefe. Fitila ta koma koriya. Ya kai takardar bakin injin, sai hannun ya ƙi. Ya hango Saifuddeen a kan irin kujerar nan tasa, yana yi wa 'ya'yan wasu fotokofi, bakinsa a karkace. Ya ja tsaki, haushin kansa ya kama shi, ya zare takardar ya kashe injin.

Ya yi wa Goggo bayani. Ta dube shi sama da ƙasa. Ta ce shekara da shekaru yana yi wa 'ya'yan kowa, sai a kan nata ɗan ne ledar ta zama guba? Yayanta da ya yi masa shi fa, mugu ne? Mahadi ya kau da zancen, don ko yanzu ba zai ɗora wa mamaci laifi ba. Ta ce ya ba ta kayanta ta tsallaka titi zuwa shagon Elvis, wani mai lamineshin. Mahadi ya kira wayar Saifuddeen, ba ta shiga. Sai kawai ya jefa fayil ɗin a durowa, ya kulle, ya sa makulli a aljihu.

"Goggo, ki yi haƙuri. Sai mai su ya zo."

Goggo Jummai ba ta iya faɗa a hankali ba. Ta fita bakin titi ta tara masu keke da mai shayi, ta ce su zo su ga ɗan yayanta da baƙin ciki ya sa ya ƙwace takardun ɗanta. Ta ce dama tun ranar da labari ya zo take lura da shi. Mahadi yana ciki yana jin komai, yana yi wa wata mata fotokofin katin zaɓe.

Da la'asar Saifuddeen ya iso. Da ya ji abin da aka so yi, ya dafe kai, ya ce ai an rubuta musu ƙarara kada a kawo mai leda, shi ne ya manta bai gaya wa Mama ba. Ya riƙe hannun Mahadi ya ce, "Hamma, ka cece ni." Ya kwashi takardunsa ya fita yana amsa waya.

Biza ta fito ba tangarɗa. Aka yi walima a Yelwa, Mahadi ya je, ya zauna a gefe da farantin shinkafar da bai ci ba. Wata cikin dangi ta ja Goggo gefe, ta ce ya kamata ta ba Mahadi haƙuri, tunda ga shi gaskiyarsa ta fito. Ba su san yana bayan labule yana wanke hannu ba.

"Gaskiyarsa ta fito, na yarda," in ji Goggo. "Amma ni na ga idonsa lokacin da ya kunna injin nan."

Mahadi ya tsaya da ruwa a hannu. Abin da ta gani ɗin yana nan a ransa, ko yanzu da ake kiɗa a tsakar gida. Ya goge hannu a jikin riga, ya fita ta ƙofar baya ya koma shago.