Kunnen Hajja na Hagu

Jama'a, barkanmu da hantsi. Ashe tsohuwar gidanmu ta riga mu wayewa!

Ɗazu ina jin kiɗan Turawa mai rugugin jita a waya, kakata Hajja ta fizge wayar. Na ce shi ke nan, ni da wayata sai a lahira. Kawai sai ta kara ta a kunnen dama.

"Ke 'yar nan, wannan ai wasa ne. Ina budurwa, bayan yaƙin basasa, samarin kudu suka zo Haɗeja da jita da janareto. Na kai tallan kifi, na liƙe jikin lasifika har suka tashi. Ranar kunnena na hagu ya mutu."

"Hajja, ba ki yi da-na-sani ba?"

"Da za su dawo, na damar zan miƙa musu."

Wallahi na sara mata. Ku fa, me tsofaffinku suka taɓa ba ku labari?