Yadda Kwamfutar Taubashiyata Ta Kama Ni

"Alhaji, ashe wake ya yi albarka a Fakku bana?"

Haka taubashiyata Hadiza, mai digiri na biyu a Sakkwato, ta tare ni a rumfata ta Tambuwal. Ni da nake ta kuka a shafin nan cewa fari ya cinye gonakin can, don kada dillalai su biyo ni su tayar da farashi.

Wai bincike take yi. Ta ɗura wa kwamfuta dubban rubuce-rubucen 'yan hatsi na Fesbuk, tsoho da sabo. Sai kwamfutar ta nuna mata cewa duk garin da muka fi yi wa kuka, can hotunan motocinmu ke ɓullowa bayan kaka.

"To mi kika so, 'yar boko?"

"In wallafa mana."

"Wallafa, amma bari in kwashe wakena."

"Na ji. Sai ka kai wa gwaggonka buhu."

Na kai wa uwar tata, sauran kuma ya shiga sito lafiya. Baɗi yabon gari zan koma, in ga ko kwamfutar ta iya kasuwa.

'Yan hatsi, ku wane gari kuka yi wa kuka bana?