Goggo Mai Ɗinki da Baikon Ƙarya

Goggona, yayar mahaifina, ta fi shekara arba'in tana taka keken ɗinki a shago ɗaya, wani ɗan ɗaki a bakin titi tsakanin kemis da rumfar mai gyaran takalma. In ka shiga, benci ne a hannun dama, madubi mai tsaga a bango, sai tulin ƙyallaye a ƙarƙashin tebur waɗanda kullum take cewa wata rana za su yi amfani. Mijinta direban babbar mota ne. Ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku, kuma da keken nan ta raine su har kowa ya kama gabansa. Ta sha wahala sosai, amma wahalar ba ta raba ta da tsokana ba. Ita ce ta taɓa ɗinke aljihunan rigar ƙanenta, Baffanmu, ta ce ai kullum hannunsa na ciki kuma ba a taɓa ganin ya fito da komai ba, gara a rufe a huta.

Ba ta yi makaranta tana yarinya ba. Sai da ta kai arba'in ta shiga ajin manya na yamma, kuma tun da ta iya haɗa baƙi babu rubutun da ya tsira a gabanta, daga kwalin sabulu har jaridar da aka ƙunso mata zare a ciki. Daga baya ta koma littattafan soyayya. Tana ajiye su a ƙarƙashin almakashi, duk wanda ya zo jiran ɗinki ta miƙa masa ɗaya don kada ya dame ta da "an gama?"

A shekarar da na fara aiki, ina biyawa ta shagon duk yamma, wani littafi ya shigo wanda ya hana mutane sakat. Ba shi da bango, gefensa duk ya yi baƙi da hannu. Labarin zamanin da ne, shekara ɗari uku baya. Wata 'yar attajiri ce mahaifinta ya rasu ya bar mata rumfar tufafi, manema suka yi mata caa, kowa idonsa na kan rumfar. Akwai kuma wani soja da ya dawo daga yaƙi yana ɗingishi, mahaifiyarsa ta hana shi shan ruwa da maganar aure. Sai su biyun suka ƙulla cewa za su yi baikon ƙarya na wata shida, kowa ya samu lafiya, in wa'adi ya cika a ce an fasa. To, ka san abin da ke faruwa in an ce mutum biyu su riƙa yin kamar suna son juna.

Goggo ce ta fara karantawa, kuma ƙorafinta ɗaya ne. Ta ce, "Wai a kwana ɗaya aka ɗinka wa yarinyar nan riga mai aiki har ƙasa, da hannu! Wanda ya rubuta wannan bai taɓa zura zare a allura ba."

Daga ita sai Matar Baffa, mace mai saurin hawaye, wadda ko kaza aka yanka sai ta kau da kai. Tun a babi na uku ta fara zuwa shago tana dafe ƙirji. "Yaya, yaron nan fa son ta yake yi. Ba ki ga yadda ya tsaya cikin ruwan sama ba? Ita kuma sai wani ɗaga hanci take."

Sai Malama, mai koyar da tarihi a makarantar bayan layinmu. Ta haura talatin, ba ta wasa, ko murmushi sai ta auna shi. Ta karɓi littafin da yatsa biyu, ta ce za ta duba kurakuran tarihi ne kawai. Bayan kwana biyu ta dawo da takarda cike da su: wai a lokacin babu irin wannan fitila, babu irin wannan maɓalli.

Goggo ta ce, "To Malama, tun da shirme ne, ai sai ki bar shi a shafi na goma."

Malama ta gyara mayafi ta ce, "In mutum zai yi gyara, dole ya kai ƙarshe."

Na huɗunsu Mai Kemis ne, maƙwabcin Goggo, dattijo mai tabarau. Shi cewa ya yi matarsa zai kai wa. Matar ta zo karɓar ɗinki, Goggo ta tambaye ta ina ta kai a labarin, ta ce, "Wane labari?"

Matsalar littafin tana can ƙarshe. Ranar da wata shida ya cika, sojan ya zo ƙofar gidan yarinyar da zoben baikon a tafin hannunsa, ya ɗaga kai ya dube ta, ya buɗe baki ya ce... Nan shafin ya ƙare, bayansa babu komai sai zaren ɗauri. Duk wanda ya kai wurin sai ya taho shago a fusace. Goggo kuwa ko ɗaga ƙafa daga keke ba ta yi, sai ta ce, "Ɓera ne ya ci. Amma kwantar da hankalinka, na karanta kafin ya ci. Matso in gaya maka, kada dai ka ɓata wa na baya."

Ni ta ce mini sun yi aure, sai dai an gano sojan yana minshari, yarinyar ta yi ta da-na-sani. Na yi dariya na wuce, ban kawo komai a raina ba.

Matar Baffa kuwa, Goggo ta gaya mata cewa kafin sojan ya rufe baki aka buga gangar yaƙi, ya tafi, kibiya ta same shi, ya cika da sunan yarinyar a bakinsa. Kwana uku Baffa yana cin abinci ba gishiri.

Mai Kemis ta ce masa yarinyar ta karɓe zoben ta sayar, ta ƙara jari, ta auri magatakardan mahaifinta. Ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Dama na sani. Tun a babi na biyar ban yarda da ita ba." Ranar duk wanda ya je sayen magani sai da ya sha faɗa.

Malama ce ta zo a ƙarshe. Kowa a layin ya san akwai wani mai gyaran agogo da ya shekara uku yana neman ta, ita kuma kullum amsarta, "Zan yi tunani." Goggo ta dube ta sama da ƙasa, ta sassauta murya. Ta ce sojan ya faɗi abin da ke ransa, yarinyar tana so amma girman kai ya hana ta amsawa, ta ce za ta yi tunani. Ya jira, ya jira, ya gaji ya auri wata. Ita kuma ta tsufa ita kaɗai a rumfa tana ninke tufafin amaren wasu. Malama ta ajiye littafin a kan tebur. Ta tashi ta fita, har ta manta jakarta a benci.

Asiri ya tonu ne wata Asabar da hantsi, da duk suka haɗu a shagon. Matar Baffa ta hango littafin a kan tebur, ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Allah ya jiƙan sojan nan."

Mai Kemis ya juyo. "Ya mutu? Yaushe? Baƙin cikin matar nan ne ya kashe shi?"

"Wace mata? Kibiya ce!"

Malama ta ce, "Wace kibiya kuma? Ai aure ya yi ya bar ta."

Duk suka juya wurin Goggo. Ita kuwa ta riga ta cika bakinta da fil, tana nuna musu da hannu wai ba halin magana. Da suka matsa, ta zare su ɗaya bayan ɗaya a natse, ta ce, "Ku yi mini uzuri, tsufa ne. Amma tabbas ɗaya daga ciki daidai ne."

Mai Kemis ya rantse sai ya ga ƙarshen da idonsa. Ya sa direban da ke kawo masa kaya ya yi ta cigiya, sai bayan wata biyu aka samo wani kwafi mai bango. Aka taru a shago da la'asar, har mai gyaran takalma ya leƙo, aka ba Malama ta karanta. Ashe shafi uku kacal suka ɓace. Sojan cewa ya yi, "Ni ban iya ƙarya ba. Tun ranar farko da gaske nake." Yarinyar ta yi dariya ta ce ta sani, jira take ta ga yaushe zai gane cewa ita ma haka ne. Aka ɗaura aure, labari ya ƙare.

Keken Goggo ya tsaya cak. Ta tafa hannu ta ce, "Kai! Ashe abin da ya ce mata ke nan? Wallahi yaron ya iya magana!"

Mai Kemis ya miƙe tsaye. "Au, ba ki ma taɓa karantawa ba?"

"Ina na gan shi? Haka na saye shi a yage."

"To ɓeran fa?"

"Wane ɓera? Ka taɓa ganin ɓera a shagona?"

Matar Baffa ta ce a biya ta hawayenta. Mai Kemis ya ce shi wata biyu yana zagin baiwar Allah ba ta ji ba ta gani ba. Malama ce kaɗai ba ta yi hayaniya ba. Ta rufe littafin a hankali ta ce, "Goggo, kin san ranar da kika ba ni wancan ƙarshen, daga nan shagon mai agogo na wuce? Na amsa masa. Har an sa rana."

Goggo ta ce, "Ayya. To ai da sauƙi, je ki ce masa baikon ƙarya ne, na wata shida."

Sai ga Malama tana dariya har da riƙe ciki, abin da ba wanda ya taɓa gani a layin nan. Goggo ce ta ɗinka mata kayan biki, kuma ta ɗauki mako uku cur tana yi, don a san aikin ba na kwana ɗaya ba ne.

Yanzu idonta ya yi rauni, ta bar wa 'yarta ta biyu shagon, sai dai kullum tana zaune a bakin ƙofa tana sa wa kowa baki a ɗinki. Kwanan baya mai agogo ya zo gaishe ta da 'ya'yansu biyu, ya durƙusa ya ce har gobe yana godiya. Ta sa musu albarka, ta bari sai da ya kai bakin titi, sannan ta ɗaga murya yadda duk layin zai ji: "Af, na manta ban tambayi Malama ba. Kana minshari?"