Talatar da Malam Garba Yake Ba da Makulli

Shekara tara ke nan da rasuwar Malam Garba, hedimastanmu a wata firamare tsakanin Kura da Bunkure. Allah Ya jiƙansa. Waɗanda suka san ni sun san ko a zaman makoki nesa da masu kuka ake ajiye ni, don kada in ɓata musu aiki. Yau dai a yi mini uzuri, dariyar kaɗan ce.

Malam yana da gonar tumatir. Ruwan noman rani kuwa bi da bi ake sakinsa, layinsu ran Talata. Duk Talata da safe sai ya zaro makullin ofis ya miƙa wa ɗaya daga cikinmu malamai, ya ce, "Yau kai ne hedimasta." Ya saɓi shebur ya tafi. Mutanen gari suka yi ta gunaguni, wai ya fi son tumatir a kan 'ya'yansu.

Ranar da abin ya zagayo kaina, shanun Arɗo da ke gangarawa shan ruwa suka tattake lambun da iyayen yara suka shuka wa makaranta. Kafin ka ce kwabo manoma sun fito da sanduna, makiyaya ma sun gyara tsayuwa. Ga yaran rugar nan a azuzuwanmu, waɗanda da ƙyar Malam ya shawo kan iyayensu. Da an fasa kai ɗaya, mun rabu da su ke nan. Na zura da gudu gona, gudun da inuwata ma sai bayan azahar ta iso. Na tarar da Malam cikin taɓo yana karkata ruwa daga wannan fangali zuwa wancan.

"Ranka ya daɗe, za a yi kisa a makaranta!"

Ko ɗagowa bai yi ba. "Malam Sani, makulli yana hannun wa?"

"Yana hannuna."

"To me ka zo nema a gonata?"

Na koma makaranta. Na zaunar da ɓangarorin biyu a gindin darbejiya, na yi magana har yawuna ya ƙafe. Aka tsayar cewa shanu su riƙa bi ta bayan makaranta, Arɗo kuma ya kawo wa lambu taki. Washegari Malam ya tambaye ni me na yi, kuma don me. Bai taɓa cewa "da ni ne" ba. Haka yake yi wa kowa ran Laraba. Da jinya ta kwantar da shi, ko ƙararrawar safe ba ta makara ba. Ashe da icce mai kama ake ƙota, shi kuwa tun yana da ƙarfi yake sassaƙa.

Yanzu ni ke riƙe da wata makaranta a cikin birnin Kano, inda yaro in ya yi atishawa a aji sai ya nemi izinin na kusa da shi. Ana yawan tara mu bita a kan shugabanci, a haska mana majigi, mu ci, mu tafa. Ba na raina ta. Amma nakan ce da Malam zai leƙo, tambaya ɗaya zai yi: cikin malamanku wa ya taɓa riƙe makaranta yini guda? Mu hedimastocin yau ko makewayi da makulli muke shiga. Ranar da aka ɗauke mu, makaranta ta zama gonar da aka toshe wa ruwa.

Gonarsa an raba wa magada, lambun nan ma an yi aji a wurin. Abin da ya saura shi ne tambayarsa. Ritayata ta ƙarato, don haka Talatar da ta wuce na miƙa wa mataimakiyata, Malama Hadiza, makulli. Ni ba ni da gona, sai na tare wurin mai shayi. Ban kai rabin kofi ba ta bugo waya.

Na ce, "Malama, makulli yana hannun wa?"

Sai ta kashe wayar. Ni kuwa mai shayi ya tambaye ni ko hayaƙi ne ya shigar mini ido.