Ƙasar da Baba ya aika gwaji

Shekara biyu motocin tifa suna kwasar yashi a gonar Baba da ke hanyar Kirikasamma, kuma shi da bakinsa ya ba su izini. Da suka tafi sai suka bar mana ƙaton rami, fari fat, ko akuya ba ta tsayawa a ciki. Baba ya rantse sai ya ga kore a wurin kafin damina ta wuce.

Na kai shi wajen malamin gona. Malamin ya ce a ɗebo ƙasa wuri biyar a cikin ramin, a cakuɗa, a zuba a leda, zai aika a gwada don a san takin da ya dace. Baba ya ce shi da kansa zai ɗebo.

Bayan mako uku sakamako ya dawo. Malamin yana karantawa yana satar kallonmu. Wai ƙasar ba ta rasa komai ba, kada a ƙara mata taki ko cokali ɗaya. Baba ya gyara zaman hula. Takardar nan sai da ta zaga majalisarsu kaf, har mai shayi aka karanta wa.

Da ruwan farko muka dasa bagaruwa da gamba, ba taki. Kafin wata ya cika duk sun bushe, sun tsaya kamar tsinken tsintsiya. Raina ya ɓaci, na zage na'urar gwajin tas har da wanda ya ƙera ta, na jawo babur zan je in sauke wa malamin. Sai Inna ta tare ni a zaure tana dariya har da hawaye. Ashe Baba ko leƙa ramin bai yi ba. Fadamar bakin kogi ya tafi, inda shanu ke kwanciya, ya zaɓo baƙar ƙasa mai laushi, ya tankaɗe ta da rariyar Inna kamar mai haɗa tsaraba. Da yabo ya zo kuma, ya kasa warwarewa.

Na same shi a bakin ramin yana murza yashi a tafin hannu, na tambaye shi dalili.

"Baƙi ne za su duba ta," in ji shi. "Ƙasar ubana ce. Yaya zan bari su ga abin da na yi mata?"

Tausayinsa ya kama ni, na fasa faɗan da na zo da shi. Washegari ni na sauka ramin na cika ledar, shi kuwa ya juya baya har na ƙulle bakinta.