Baƙin Gilashin Motar Malam Buba

Cikin ranakun aikina akwai wata Alhamis da har yau ban manta da ita ba. Lokacin ina kofur, an tura mu shingen bincike a mashigar Gumel ta hanyar Sule Tankarkar, ƙarƙashin Sufeto Garba. Damina ce, gero ya fara fitar da kai, ni kuwa na fi kallon gonaki da girgije a kan lambobin motoci, abin da Sufeto ya sha yi mini tsiya a kai.

Ga wanda bai san ƙa'ida ba, doka ta hana a liƙa wa gilashin mota baƙar ledar da ke ɓoye na ciki, sai da takardar izini, wadda ake bayarwa don dalilin lafiya ko na tsaro. Umarnin da aka ba mu shi ne, duk wanda ba shi da takarda a ɓare ledarsa nan take.

Da hantsi muka tsayar da wata tsohuwar mota, gilashinta baƙi ƙirin. Mai ita dattijo ne, Malam Buba, makiyayi daga wajen Ɗanzomo. Takardun motarsa sun cika, amma babu izinin leda. Sufeto ya tambaye shi dalilin liƙa ta, ya ce akwai dalili, ya sunkuyar da kai. Sau uku ana tambaya, amsar ba ta canza ba.

"Malam, ko gwamna ka ɗauko mana?" in ji Sufeto yana dariya. Sai ya ce in ɗauko reza in fara daga baya.

Na yi sallama na buɗe ƙofar. Wata mace ce sa'ata a zaune, zabiya, ta kare idonta da mayafi saboda hasken da na shigar mata. Wuyanta da bayan hannunta duk gyambon rana ne. Na yi sauri na janyo ƙofar. Ta ce sunanta Hansatu, asibiti za su, kuma dattijon ya sa ledar ne tun ranar da ya ga yadda rana ke ƙona ta a tafiya.

Na tambaye ta me ya hana shi faɗa. Ta yi murmushi.

"Ni ce 'yar farinsa. Tun da aka haife ni bai taɓa ambaton sunana ba, balle a gaban mutane."

Na koma na sara wa Sufeto, na yi masa bayani a hankali. Ya daɗe yana kallon dattijon.

"Baba, ai da sai ka ce 'yarka ce."

"Ta gidanmu ce, ranka ya daɗe," in ji Malam Buba, idonsa a ƙasa.

Sufeto bai ce a wuce haka kawai ba. Ya sa na ɓare ledar ƙofofin gaba, domin direba ya riƙa ganin hanya, a kuma riƙa ganin sa. Ta baya ya ce a bar ta, in bi su asibiti a karɓi takardar likita, daga nan mu je ofis a cike neman izini.

Na zauna kusa da Hansatu. Cikin motar akwai sanyi kamar gindin tsamiya, gonaki na wucewa a lulluɓe. Muka yi ta hira, shi kuwa Malam Buba duk rami sai ya rage gudu. Bayan makonni izinin ya fito, ya zo da kansa ya karɓa.

Abin da nake gaya wa sababbin shiga shi ne, doka ta tanadi hanya ga mai dalili, amma a ƙasarmu ba kowane mai dalili ne bakinsa zai iya furta shi ba. Wani kunya ce ke riƙe shi, ba taurin kai ba. Kafin ku yanke hukunci a kan mota, ku gaisa da kowa da ke cikinta.