Jitar da Ba Wanda Ya Ji

Babu ƙungiyar kiɗa a duk faɗin Hijaz da ta kai Jirgin Anbariyya zaga duniya. Haka Jamaluddeen, mawaƙinsu kuma shugabansu, yake faɗa, shekara arba'in ke nan. Duniyar da yake nufi ta fara daga Yanbu, ta biyo ta Badar, ta leƙa Haibar da Hanakiyya, ta dawo Madina ta bayan gari. Sau ɗaya sun kai Tabuka. Janareto ya mutu a waƙa ta biyu, aka ci shinkafa aka watse.

Mai jitar ƙungiyar tun ranar farko wani tela ne a unguwar Sultana, Ɗanmusa. Shekararsa sittin da bakwai, gajere ne mai farin gemu, shagonsa na tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da ful, dafaffen waken Larabawa. A Madina aka haife shi. Iyayensa sun taso daga ƙasar Katsina da ƙafa, suka yi shekara shida a Sudan, suka tsallako aikin hajji, ba su sake maganar komawa ba. Yawancin masu kawo masa ɗinki malamai ne da ɗaliban jami'a 'yan Najeriya, masu son jallabiya ta tsaya sama da idon sawu. Ya san tsawon ƙafar kowane shehi a garin.

A 1984 wani kamfani ya ɗauke shi zuwa Yanbu ɗinkin kayan leburori. Ɗaki ɗaya aka haɗa shi da wani mai walda ɗan Indunusiya, mai jar jita ta lantarki da tarin kaset na kiɗan rok. Da aikin mutumin ya ƙare, kayansa suka fi kilon jirgi, ya bar wa Ɗanmusa jitar tare da riƙon tsirkiya iri uku da ya koya masa. A cikin shekara arba'in Ɗanmusa ya ƙara biyu. Ya ce sun isa.

Ya shigo da ita Madina a naɗe cikin bandir ɗin yadi. A wani shagon wanki a unguwar Anbariyya ya sami Jamaluddeen, haifaffen Bur Sudan, yana guga yana waƙa da muryar da ake ji daga tsallaken titi. Suka jawo Abdallah, mutumin Abeshe, ya riƙe ganguna. Gwajinsu a ɗakin injin ban ruwa na wata gonar dabino suke yi, don ƙarar injin ta rufe tasu. Sunan ƙungiyar kuwa Ɗanmusa ne ya ɗauko daga tsohon jirgin ƙasan da ke tsaye a tashar Anbariyya, wanda bai motsa ba tun kafin a haifi ubansa.

A waɗancan shekarun ba a ɗaukar jita a bi da ita titi a Madina. Biki mai kiɗa sai a istiraha, irin gidajen hutun nan masu doguwar katanga da ake haya a wajen gari. Can suke zuwa cikin wata tsohuwar bas da warin kitsen rago da zufa suka kama kujerunta har ba ta wankuwa. Can kuma manyan mutanenmu suke cire agogo, su naɗe hannun riga, su yi ta tsalle har igiyar rawaninsu ta faɗa cikin farantin shinkafa. Washegari su cika sahun farko.

Ɗanmusa ya san idan shehi ɗaya ya ji labari, shago ya mutu. Don haka ya tsara aikinsa da tsantsenin da ya fi na ɗinkinsa. Ba ya hawa dandamali sai ya naɗe fuska da shimag, ƙyallen nan da Larabawa ke yafawa a ka, idanu kawai a waje. Ba a kiran sunansa. Mai Ja ake ce masa, saboda launin jitar. Idan aka ɗaga kyamara sai ya juya baya. Idan ya ji an naɗi kaset, sai ya bi mai shi har gida da lallashi ya karɓa, ya zare zaren ya ƙone. Jitar ba ta taɓa kwana a gidansa ba, a wajen Jamaluddeen take zama. Matarsa Innayatu kuwa ce mata yake yi zai kai ɗinki Haibar.

Jamaluddeen bai taɓa ganin kyamara ya kauce ba.

Sai zamani ya juya. Abin da ake ɓoyewa a bayan injin ban ruwa ya zama abin sayar wa tikiti a Jidda da Riyad. Bara wata cibiyar al'adu mai zaman kanta a Jidda ta shirya littafi da baje koli kan ƙungiyoyin kiɗan da suka yi zamani a ɓoye, ta turo wata mai bincike, Najwa, ta yi hira da Jamaluddeen.

Sundus, 'yar Ɗanmusa, ma'aikaciyar jinya ce, tana jin Hausa amma da Larabci take amsawa. Ita ta zo shagon da hantsi ta ajiye masa waya a kan keken ɗinki.

"Shuf, ya abuya," ta ce, wato duba, Baba. "Abokinka."

Ga Jamaluddeen nan cikin baƙin gilashi, jar jitar a cinyarsa, riƙon da ya yi mata kamar mai riƙe da jaririn maƙwabta. Yana cewa shi kaɗai ya kafa ƙungiyar, a Bur Sudan ya sayi jitar daga hannun wani matuƙin jirgin ruwa. Da aka tambaye shi Mai Ja, sai ya ce ai ba mutum ɗaya ba ne, masu jita sun zo sun wuce da yawa, wanda ya samu shi ake naɗa wa shimag.

Ɗanmusa ya kalla sau biyu. Abdallah ya rasu shekara tara da suka wuce. Bayan shi babu wanda ya san ɗakin injin nan sai su biyu, ɗayan kuma ga abin da yake faɗa. Ya cire gilashinsa ya goge, ya ce wa Sundus ta nemo masa lambar matar. Abu ɗaya yake so: a rubuta a littafin cewa shi ne Mai Ja, shi ya fara.

Najwa ta zo da kanta, mace mai ladabi da jakar takardu. Ta saurare shi awa biyu. Aka aro jita a wajen wani ɗan Sudan, ya sauke ƙofar shago ya buga mata riƙonsa biyar, yatsunsa masu sanyin ƙashi suna maƙalewa.

"Masha Allah, ya ammi, baffana," ta ce. "Amma wanda ya buga yau bai nuna ya buga a 1984 ba. Kai ne na huɗu da ya ce min shi ne Mai Ja. Ka kawo min hoto, ko kaset, ko takarda, ko shaidu biyu."

Hoto da kaset ya gama da su da hannunsa. Shaidu kuwa ya ga ba matsala. Ya buga a biki ya fi ɗari shida, kuma angwayen nan suna nan da ransu, yawancinsu a unguwar Halidiyya cikin gidaje masu hawa biyu.

Ya fara da Alhaji Sufyan, dillalin dabino da zuma, wanda aka yi bikinsa a 1989 a wata istiraha a hanyar Tabuka. Aka shigar da shi falo bayan la'asar, aka kawo gahawa.

"Alhaji, ka tuna bikinka?"

"Wanne ciki?"

"Na uwargida. Ka tuna Mai Ja? Ni ne. Kai ka hau kan lasifika ka ce a maimaita waƙar nan har sau huɗu, wandonka ya yage, ni na kama maka shi da allura a bayan bas."

Alhaji Sufyan ya dubi ƙofar cikin gida, ya sauke murya. "Malam Ɗanmusa, ka ji tsoron Allah. A bikina? Duffi, ɗan bandirin nan, kawai aka buga, shi ma a wajen mata. Ni wa'azi aka yi a wajena."

"Wa ya yi wa'azin?"

"Ya rasu." Ya tura masa farantin dabino. "Ci ajwa. Ta bana ce. Kai ma da girmanka, surukaina duk malamai ne, me ya kai ka tono wannan ƙazanta?"

Gida goma sha ɗaya ya shiga cikin mako uku. A cikin goma sha ɗayan nan ba a sami bikin da aka yi kiɗa ba. Wani ya ce walima ce kawai, wani ya ce yana da zazzaɓi ranar bai san abin da aka yi ba, wani ya ce ƙaninsa ne ya gayyato su ba da saninsa ba, kuma ko da suka zo bai saurara ba. Idan aka bi ta bakin angwaye, Jirgin Anbariyya ta yi shekara arba'in tana zaga istirahohi tana buga wa bango. Kowannensu dai ya raka shi har ƙofa da fara'a, kowannensu kuma kafin magariba ya ba mutum biyar labari, cikin alhini, cewa ashe Ɗanmusa tela makaɗi ne.

Malamai ba su yi hayaniya ba. Wani ya aiko a karɓar masa yadinsa da ba a yanka ba, wai ya canza shawara kan launi. Farin yadi ne. Wani ya wuce shagon yana duba wayarsa da tsananin kulawa. Kafin wata ya ƙare, ƙusoshin da yake rataye jallabiyoyi sun koma tsirara.

Ya je wajen Jamaluddeen a ƙarshe. Ya same shi a shagon wankin, wanda yanzu na 'ya'yansa ne, yana zaune ƙarƙashin hotonsa.

"Jamalu, jitar wa ce?"

"Ahlan, ya Ɗanmusa! Zauna mana. Shayi?"

"Jitar wa ce?"

"A gidan wa ta kwana shekara arba'in? Ka taɓa goge mata ƙura? Kai da bakinka ka ce min, ko wuƙa aka sa maka a wuya kada ka ce ka san ni. Wallahi amana na riƙe." Ya yi dariya har da tari. "Ni ban taɓa ganin fuskar Mai Ja ba, ya zol, mutumina. A rufe yake zuwa."

"Allah ya isa."

"Amin. Sukari nawa?"

Da ya koma gida ya zauna bai ci abinci ba. Innayatu ta tsaya a kansa.

"Malam, wai takarda suke so?"

"Ke me kika sani a ciki?"

"Wane ɗinki ake kaiwa Haibar a dawo kunne a toshe, ana warin rago? Tun Sundus tana ciki na sani." Ta shiga ɗaki ta fito da wata leda daga ƙasan akwatinta. "Ga wannan. Ka ce in ƙone, ban ƙone ba. Akwai hatimi a jiki, ni kuma ba na ƙona abu mai hatimi."

Takardar 1993 ce. A shekarar wani maƙwabci ya kai ƙorafi wajen umda, wato mai unguwa, cewa ana ganin tela yana shiga motar makaɗa. Ɗanmusa ya je ya rubuta alkawari da hannunsa: shi, wane ɗan wane, ba ya kiɗa, bai taɓa riƙe kayan kiɗa ba, abin da ya haɗa shi da mutanen da ake kira Jirgin Anbariyya shi ne yana ɗinka musu kaya. Ga sa hannu, ga kwanan wata, ga shaidu biyu. Ƙarya ce da ya yi alfahari da ita a lokacin, don ta tsaya da ƙafarta har umda ya ba shi haƙuri. A duk duniya kuma ita ce takarda ɗaya tak da sunansa da na ƙungiyar suka haɗu a kanta.

Ya yi kwana biyu yana juya ta. Ya ce ai mai hankali zai gane, mutum ba ya rantsuwa a gaban umda cewa bai yi abu ba sai in ya yi. Sundus ta ɗauki hotonta ta tura. Najwa ta kira cikin minti goma, cike da murna, ta ce wannan ce takarda mafi daraja da ta samu a duk binciken, za a sa ta cikin gilashi.

Littafin ya fito a watan Sha'aban, mai kauri, da hoton Jamaluddeen a bango. An ba Mai Ja shafi huɗu, aka kira shi babban sirrin kiɗan Hijaz, aka ce har yau ba a san ko wane ne ba. Sunan Ɗanmusa ya fito sau ɗaya, a shafi na talatin da takwas, a matsayin telan ƙungiyar.

Bai taɓa ɗinka musu ko maɓalli ba. Wani ɗan Yaman ne a Anbariyya yake musu ɗinki.